Inji Uku, Ɗaya Ke Zafi

Ko zan manta ranar da aka miƙa mini takardar digiri, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Daura ba, ranar da na tsaya gaban manyan mutane da sabuwar shadda mai sitaci, na tilasta wa mahaifina da bakina ya tona mini asiri. Shekaru sun ja. Na yi aiki a wurare da dama, har an kai ga ana ce mini oga, amma duk lokacin da abin ya faɗo mini sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi kamar yanzu ake yi.

Bari in fara da Baba, don in ba a san shi ba labarin ba zai shiga ba. Baba masinja ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a kamfanin wani Alhaji mai sayen riɗi, wanda babban sitonsa ke bakin hanyar Mai'adua. Riɗi na zuwa daga ƙauyukan Baure da Babban Mutum, wani ya tsallako iyaka ta Kongolam, a tankaɗe, a auna, a ɗura a buhu, a loda wa manyan motoci su yi kudu. Kafin mota ta fita, takardarta sai ta bi tebur huɗu: mai sikeli ya rubuta nauyi, mai duba tsabta ya ce ba yashi ba tsakuwa, manaja ya amince, sannan mai gadi ya buɗe ƙofa. Teburan nan kuwa ba a ɗaki ɗaya suke ba, a warwatse suke cikin fili mai faɗin filin ƙwallo. Abin da ke haɗa su kawai ƙafar Baba ce, da wata tsohuwar jakar fata da yake ratayawa a kafaɗa. Da wannan ƙafar na yi karatu har jami'a. Lokacin da na gama na dawo gida, gwiwarsa ta hagu ta fara ƙi, in zai miƙe daga sujada sai ya dafa bango.

Ni ne ɗan farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. In yana magana da ni, "kai" ne. In yana ba wani labarina, "yaron nan". Yabo kuwa ban taɓa jin sa daga bakinsa ba, ko ranar da na zo na ɗaya a aji sai ya duba takardar ya ce, "To, a ƙara ƙoƙari."

Shekarun nan ne da 'yan hisba ke zaga kasuwanni suna duba mudu da sikeli, masu sayen riɗi daga waje kuma suka fara cewa sai a nuna musu wa ya auna, wa ya duba, da ƙarfe nawa. Sai Alhaji ya sayo wata manhaja ta tafiyar da aikin kamfani, wadda ke ɗaukar takarda daga tebur zuwa tebur ta cikin kwamfuta, tare da manyan injina uku da za ta zauna a ciki. Saura mai haɗawa. Yana shirin kiran wasu daga Legas, sai Baba, wanda a shekara talatin bai taɓa roƙon Alhaji ko ruwan sha ba, ya tuɓe takalmi ya shiga ofis ya durƙusa. Ina bakin ƙofa, ina jin komai.

"Alhaji, yaron nan ya karanci wannan aikin. Na tsaya masa."

Alhaji ya ce, "Malam Isa, ka san kaka ce? Mota ba ta jira."

"Na sani, ranka ya daɗe. In ya ba ka kunya, ni na ba ka."

Shi ke nan maganar. Babu wanda ya tambayi takardar digirina, babu wanda ya tambaye ni ko na taɓa yin irin aikin (ban taɓa ba, sau ɗaya na gani ana yi, ina tsaye a bayan wani a Kaduna). Maganar Baba aka karɓa. Muna fita na ce masa, "Baba, in na gama wannan aikin ka ajiye jakar nan, yawo ya ƙare." Daga baya Inna, mahaifiyata, ta tsegunta mini cewa duk sahun farko na masallacin unguwarmu sun ji labari: yaron nan ne zai haɗa injinan Alhaji.

Aikin a faɗe ba wuya. Injinan uku za a haɗa su zama gungu ɗaya, abin da a sana'armu muke ce wa kulasta. Manhajar za ta zauna a cikin kowanne, su raba aiki a tsakaninsu, in ɗaya ya faɗi biyun su ci gaba ba tare da mai sikeli ya ma sani ba. Don wannan kaɗai aka sayi uku, in ba haka ba ɗaya ya isa. (Ma'ajiyar bayanan tana wani akwati dabam a ofishin manaja, ita ba ta da laifi a labarin nan, mu bar ta ta huta.)

Hanya biyu ake haɗawa. Akwai ta hotuna, wadda za ka riƙa danna nan danna can, ta zana maka injinan a fili, ta nuna maka wane ne ke ɗauke da me. Akwai kuma ta baƙin allo, inda ba hoto ba ado, kai ne za ka rubuta umarni layi bayan layi, inji ya amsa maka da fararen haruffa masu gudu. Ƙwararru na son baƙin allo don ya fi sauri, kuma in ka rubuta sau ɗaya ka iya maimaitawa. Ni dai gaskiyar magana ba don haka na zaɓe shi ba. Na zaɓe shi ne don ranar farko da na buɗe shi, leburori biyu da ke leƙe ta taga suka ce, "Kai! Wannan ba ya ma buƙatar hoto." Tun daga nan na rantse a raina ba zan buɗe shafin hotuna ba, wannan na 'yan koyo ne. Har ƙara saurin buga maɓallai nake yi in na ji takun mutum, ko da abin da nake rubutawa duba ƙarfe nawa ne.

Injinan na raɗa musu suna irin na gida: Babba, Na-tsakiya, Auta. Na rubuta a farar takarda na manna wa kowanne a goshi. Babba shi ne wanda allona ke jone da shi, shi na naɗa shugaban gungu. Daga nan sai fayil ɗin tsari, wanda a cikinsa ake rubuta wa kowane kaso na manhajar layinsa: ga sunanka, ga injin da za ka zauna. Na rubuta layin farko a tsanake, na duba shi sau uku. Ya yi kyau. Sai na ce me zai sa in wahalar da yatsuna? Na kwafe shi, na liƙa sau biyu, na canja sunan kaso na biyu, na canja na uku. A daidai nan aka kira azahar, na tashi. Da na dawo na ba da umarnin ginawa, haruffa suka yi ta zuba kusan rabin awa, a ƙarshe inji ya ce an gama lafiya, ba kuskure ko ɗaya. Na ɗaga hannu sama na yi hamdala, na kuma tabbatar na yi ta da ƙarfin da za a ji daga waje.

Kada ku ce ban yi gwaji ba, na yi. Na kira Malam Lawal, manajan kamfanin, na ce ya tura takarda daga kwamfutarsa. Tana kan hanya na zare wayar wutar Auta. Takarda ta isa. Na mayar, na zare ta Na-tsakiya. Takarda ta isa, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Malam Lawal ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah!" Na ce, "Ai kaɗan ka gani." Saura Babba. To Babba in ya mutu yakan ɗau minti ashirin kafin ya farfaɗo, allona kuma a jikinsa yake, ga la'asar ta kawo kai. Ban da haka, ni a gidan da na tashi ba a fara taɓa babba ga ƙanana zaune. Na ce tunda biyu sun ci, na ukun ma ya ci. Na rufe littafina.

Mako guda muka yi ana koya wa ma'aikata, takardun gwaji na ta yawo daga safe zuwa yamma. Makullin ɗakin injinan a hannun Baba yake, kamar yawancin makullan kamfanin, kuma kullum da sassafe yakan shiga da tsumma ya goge su. Ranar Alhamis na shigo na same shi a tsugunne a bayansu, ya ɗora tafin hannu a kan Babba, ya ɗauke ya ɗora a kan Na-tsakiya, sannan Auta, ya sake komawa.

"Kai," ya ce, bai juyo ba. "Ka ce raba aikin suke yi?"

"Daidai wa daida, Baba."

"To ya aka yi ɗaya ke zafi? Wannan babban har iskar da ke fita bayansa ƙuna take. Waɗannan biyun kuwa kamar randa. Kwana uku ke nan ina lura."

Allah ya yafe mini abin da na yi. Dariya na yi, irin dariyar nan ta wanda ya je jami'a. Na ce, "Haba Baba, kwamfuta ai ba jaki ba ce da za a shafa a san ta yi aiki. Ba a gane ta da hannu. Allo ya ce komai lafiya." Har na juya masa baƙin allon, na nuna masa layin da ya ce an gama, alhali na san bai karanta boko sai lambobi da sunayen da ya haddace. Ya dubi allon kamar mai karantawa, don kada ya ba ni kunya, sannan ya dafa bango ya miƙe.

"Kai ne ka yi karatu," ya ce. "Ni dai a sanina, abin da ya yi aiki ɗumi yake yi."

Ya ɗau tsummansa ya fita. Minti biyu ya ishe ni in rubuta umarni ɗaya in ga inda kowane kaso ke zaune. Ban rubuta ba. Abin da na yi a ranar ma shi ne na je na sa Malam Lawal ya tattara littattafan takardun lodi gaba ɗaya a kai ƙuryar sito a kulle, wai in suna kusa ma'aikata ba za su saki tsohon hali ba.

Asabar aka sa ranar buɗewa, da hantsi, kuma Alhaji ya ce ba wasan kwaikwayo yake so ba, da motocin gaske za a yi. Mota bakwai cike da riɗi suka yi layi a fili. Ya gayyato abokansa 'yan kasuwa, har da wani dattijo mai barkwanci daga Matamaye, da limamin masallacin Juma'ar unguwar, da wasu daga sahun farkon su Baba waɗanda ba wanda ya gayyata amma suka zo ganin yaron nan. Inna ta kwana tana turara mini shadda. Aka shimfiɗa darduma a zauren da ke jikin ɗakin injina, aka buɗe ƙofar tsakani, na haska majigi a bango. Baba na tsaye can gefe wajen takalma, inda ya saba tsayawa, da jakarsa a rataye.

Liman ya yi addu'a aka shafa. Takardar motar farko ta fito a bango, ta tashi daga sikeli ta faɗa wa mai duba tsabta, ta wuce manaja, ta isa ƙofa, muka ji ƙarar buɗe get. Jama'a suka ɗau kabbara. Da na tsaya a nan, da yau wani labarin nake ba ku. Amma kabbarar nan ta hau mini kai. Na gyara hula, na yi gyaran murya, na yi jawabin da na yi kwana biyu ina bita a gaban madubin Inna: yadda injina uku suka zama tamkar ɗaya, yadda ko ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba. Na rufe da cewa, "Alhaji, ranka ya daɗe, ga su nan. A zare wayar duk wanda aka ga dama."

Alhaji ya yi murmushi ya waiga wajen takalma. "Malam Isa, kai ka tsaya masa. Zo ka zare da hannunka."

Baba ya tako a hankali yana ɗingishi, ya ratsa ta gefen darduma ya shiga ɗakin. Ya tsaya a bayan injinan. Ina kallonsa ya wuce Babba, ya wuce Na-tsakiya, ya sunkuya ya kama wayar Auta. A lokacin ban gane abin da yake yi ba. Yanzu na gane, kuma ganewar ce ke sa ni hawaye wani lokaci: ya san wanda ke zafi, ya san wanda ba ya komai, ya je wajen da ba zai cutar da ni ba. Rufa mini asiri yake yi a gaban mutane.

Ni kuwa, ɗan albarka, sai na ɗaga murya yadda na bayan zaure zai ji.

"A'a Baba, kada ka ji tsoro! Bar ƙaramin nan. Zare na Babba, a ga aiki!"

Aka yi 'yar dariya. Baba bai saki wayar Auta ba. Ya ɗago ya dube ni, kallon da bai fi na daƙiƙa uku ba.

"Ka tabbata?"

"Zare kawai, Baba."

Ya ce bismillahi, ya zare.

Takardar mota ta biyu na tsakanin sikeli da mai duba tsabta. Nan ta tsaya. Wani ɗan zobe ya fito a bango yana juyawa, yana juyawa, sannan bangon ya yi fari fat, da ɗan rubutu a tsakiya da ke cewa ba a samu kowa a gida ba. Na ce, "Yanzu za su ɗauka, daƙiƙa goma ne." Muka ƙirga goma a zuci. Na ce, "Wani lokaci yakan kai talatin." Zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankokin Na-tsakiya da Auta suna ta kaɗawa, fitilunsu kore shar, lafiyarsu lau. Na juya ga baƙin allona don in buga wani abu, ko da na burga ne, sai na tuna shi ma a jikin Babba yake. A karon farko ya zama baƙin allo na gaskiya, ina ganin fuskata a ciki da hula a karkace.

Dattijon Matamaye ya leƙa ɗakin, ya nuna biyun da carbinsa. "Wai ɗana, waɗannan biyun 'yan rakiya ne?"

Dariyar da aka yi, har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Gumi ya bi ta cikin shaddata, sitaci ya narke ya manne mini a baya, ƙamshin turaren Inna ya tashi kamar ana ƙona shi. Na durƙusa na mayar da wayar, na ce minti ashirin ne. Can waje direba ɗaya ya danna hon, na biyu ya amsa masa. Malam Lawal ya matso ya raɗa mini, raɗar da kowa ya ji, "Littattafan fa ka sa an kulle, mai makullin ƙuryar kuma ya tafi Mai'adua."

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya fi ƙarfina shi ne da Alhaji, wanda bai yi dariya ba ko kaɗan, ya juya ba wajena ba, wajen Baba, ya ce a hankali, "Malam Isa, wannan ne?"

Baba ya sunkuyar da kai. Mutumin da shekara talatin ba a taɓa cewa takarda ta ɓata a hannunsa ba, ga shi tsaye gaban abokan sallarsa, kansa a ƙasa, saboda ni. Ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe." Sai ya buɗe jakarsa ya zaro littafin lodi guda, sabo, da biro a maƙale. Ashe ranar da aka kwashe littattafan ya ɓoye ɗaya. Bai dube ni ba. Ya sa takalmi ya fita cikin rana.

Ta taga na riƙa kallonsa. Sikeli, mai duba tsabta, ya dawo wa Malam Lawal ya sa hannu, ya tafi ƙofa, ya koma sikeli. Sau shida ya zaga filin nan da gwiwar da na yi alkawarin hutarwa, yana jan ƙafar hagu, jakar na bugun kwankwasonsa. Kafin azahar motoci duk sun fita. Baƙi suka watse suna yi mini sannu, irin sannun da ake yi wa wanda ya faɗo daga kan keke.

Da Babba ya farfaɗo na buɗe fayil ɗin tsari. Ban ma yi nisa ba. Ga layukan nan uku a jere, sunan kaso ya bambanta kamar yadda na canja, amma wajen sunan injin da za a zauna, abin da ke rubuce shi ne Babba, Babba, Babba. Na kwafa na liƙa, aka kira salla, ban dawo kansa ba. Manhajar kuwa ba ruwanta, ka ce duk su tare a ɗaki ɗaya, ta tara su ta ce an gama lafiya. Mako guda Babba na ɗauke da kayan mutum uku, ƙannensa na shan iska. Gwajin da na yi wa Malam Lawal kuwa, na kashe injinan da dama can ba sa komai ne, na tsaya ina karɓar yabo. Da na buɗe shafin hotunan 'yan koyo sau ɗaya, da ya zana mini abin ƙuru-ƙuru.

Bayan salla na tarar da Alhaji a ofis, Baba na zaune a ƙasa yana murza gwiwa. A hanya na shirya ƙarya har kala uku, akwai ta wutar lantarki, akwai ta cewa manhajar ce ta zo da matsala daga can, kuma na san ba mai iya ƙaryata ni a garin nan. Amma na ga hannun nan a kan gwiwa, sai duk suka zube. Na tuɓe takalmi na durƙusa a inda ya durƙusa ranar farko.

"Alhaji, laifina ne ni kaɗai. Injinanka lafiyarsu ƙalau, ni na ɗora wa ɗaya kayan duka. Kuma tun ranar Alhamis Baba ya gaya mini. Ya taɓa su ya ce ɗaya ke zafi, na yi masa dariya. Ɗazu ma da ya kama wayar ƙaramin, ni yake karewa."

Alhaji ya daɗe yana kallon Baba. "Malam Isa, haka aka yi?"

"Yaro ne, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Ya iya aikin. Sauri ne ya yi masa yawa."

Ya iya aikin. Shekara ashirin da shida ina jiran kalma irin wannan daga bakinsa, ban same ta ranar da na zo na ɗaya ba, sai ranar da na zubar masa da mutunci a bainar jama'a. Na kasa ɗaga kai.

Alhaji ya yi dariyar da bai yi ɗazu ba. Ya ce, "Ashe injiniyan na nan tare da mu shekara talatin, muna aikensa kai takarda. To ka ji: na ba ka zuwa Litinin. Amma ni ba ruwana da abin da allonka zai ce. Sai Malam Isa ya taɓa ukun ya ce mini sun yi zafi, sannan in karɓa."

Lahadi da safe, kowa ya tafi kasuwar Mai'adua, muka shiga ɗakin mu biyu. Na rushe gungun gaba ɗaya na faro daga tushe. A baƙin allon dai na yi, amma ba mai leƙe ta taga, kuma kowane layi sai na karanta shi da ƙarfi kafin in tura, Baba na zaune a kan benci a bayan injinan yana cewa "to" kamar yana biye. Da na zo layukan nan uku na rubuta kowanne da yatsuna: Babba, Na-tsakiya, Auta. Na buɗe shafin hotunan ma, na duba, ban mutu ba. Sannan na sako takardun gwaji da yawa a lokaci ɗaya, muka zauna jira.

Ya ɗora tafinsa a kan Na-tsakiya, ya lumshe ido kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Can ya ce, "Ya fara." Ya matsa kan Auta. Wannan ya ɗan jima, sannan na ga gefen bakinsa ya motsa. "Shi ma ya ɗauka." Ya koma kan Babba ya bar hannunsa a nan, yana ɗan shafa shi.

"Ka ji ya sassauta," ya ce. "Bawan Allah, ya sha wuya."

Na ce, "Baba, zare wayarsa."

"Ka tabbata?"

"A'a," na ce. "Shi ya sa nake so ka zare yanzu, ba kowa."

Ya zare. Takardu suka ci gaba da wucewa. Muka zauna muna kallonsu har aka kira azahar.

Ƙarshen watan ya ajiye aiki. Jakar ya rataye ta a ƙusa a ɗakin injinan, da littafin nan a ciki, ya ce a bar ta nan ko da wata rana. Ya samu shekara huɗu yana zuwa masallaci a kan lokaci, yana zama ƙofar gida da rediyonsa, kafin Allah ya karɓi abinsa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai kira sunana ba, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne, kuma da tsada na saye shi: gwajin da kake ta kaucewa shi ne gwajin, sauran duk burga ce, kuma in tsoho ya ce maka inji ɗaya ke zafi, ka miƙa hannu kafin ka buɗe baki. Yanzu a inda nake aiki akwai allunan da ke nuna zafin kowane inji har da ɗigo. Duk da haka, in an gama haɗa sabon gungu, sai na shiga ɗakin na zaga ta baya na ɗora tafina a kan kowanne. Na san abokan aikina na yi mini dariya, na taɓa jin ɗaya na cewa oga ya ɗauka jaki ne. Na ƙyale shi. Digirinsa sabo ne, kuma mahaifinsa na da rai.